Bikin Bonnie da Clyde a Pilot Point: me ake tunawa, kuma yaya ake haɗa shi?

Tambaya: Na ga hotunan wani biki a wani ƙaramin gari na jihar Teksas a Amurka, jama'a sanye da tufafin da, ga tsofaffin motoci, ana ta harbe-harben wasa a ƙofar banki. An ce sunan wasu 'yan fashi aka sa wa bikin, Bonnie da Clyde. Ta yaya gari guda zai ware rana domin ɓarayi? Kuma me ake yi a wurin, yaya ake shirya shi har a watse lafiya?

Amsa: Malam, bisa siffar da ka bayar, garin Pilot Point ne, a gundumar Denton, tafiyar kamar awa ɗaya a mota arewa da birnin Dalas. A ƙidayar 2020 mutanensa ba su kai 5,000 ba. Tun 2010 suke wannan biki, ranar wata Asabar cikin Oktoba. Mamakinka yana kan hanya, domin har a Teksas ɗin akwai masu jin haushin sunan. Amma abubuwa uku ne suka cuɗe a cikin bikin, kuma sai an tsefe su kafin a gane abin da ake yi: akwai 'yan fashin na gaskiya, akwai fim ɗin da aka yi a kansu bayan shekara talatin da uku da mutuwarsu, akwai kuma zamanin karayar tattalin arziki na shekarun 1930 da ya haife su. Rabon Pilot Point a ciki shi ne na biyu da na uku.

A dandalin tsakiyar garin akwai wani ginin banki da aka gina a 1896, Farmers and Merchants Bank. Bankin ya rufe a zamanin karayar, ginin ya ci gaba da tsayuwa. A ƙarshen 1966 'yan fim daga Holiwud suka zo arewacin Teksas suna neman garuruwan da fuskarsu ba ta sauya ba tun 1930. Suka ɗauki wasu sassa a Ponder, da Red Oak, da Venus, da wasu ƙauyukan kewayen Dalas, a Pilot Point kuma suka ɗauki wani fashin banki a wannan gini. Fim ɗin ya fito a Agustan 1967, Arthur Penn ya ba da umarni, Warren Beatty da Faye Dunaway suka ja shi. An sa shi takarar lambar yabon finafinai ta Oska a fanni goma, ya ci biyu. Abin dariyar shi ne talauci ne ya jawo wa garin wannan daraja: da yana da kuɗi, da tuni an rushe tsofaffin shagunan an gina na zamani, 'yan fim su wuce ba su waiwaya ba. Saboda haka fashin da ake maimaitawa ranar biki na cikin fim ne, ranar da Holiwud ta sauka a garin ake tunawa.

Su kuwa mutanen na gaskiya, babu abin biki a labarinsu. An haifi Clyde Barrow a 1909 a gidan manoman haya, iyayensa suka gaza, suka koma unguwar talakawa a yammacin Dalas, har suka kwana a ƙarƙashin amalankensu kafin su sami tanti. Bonnie Parker an haife ta a 1910. Daga 1932 zuwa 1934 gungunsu ya yi ta yawo a jihohin tsakiyar ƙasar, kuma mafi yawan abin da suka fasa ƙananan kantuna ne da gidajen mai, wato dukiyar talakawa irinsu. Aƙalla jami'an tsaro tara suka kashe, ban da fararen hula. Ranar 1 ga Afrilu 1934, a kusa da Grapevine, wadda ba ta da nisa da Pilot Point, suka harbe 'yan sandan babbar hanya biyu, H. D. Murphy da Edward Wheeler. Ranar 23 ga Mayu 1934 jami'ai shida ƙarƙashin Frank Hamer suka yi musu kwanton ɓauna a gundumar Bienville ta jihar Luwiziyana, suka kashe su a cikin mota ƙirar Ford. A can garin Gibsland ma ana nasu bikin cikin Mayu, sai dai su kwanton ɓaunar suke kwaikwaya.

Fim ɗin ya yi wa tarihi kwaskwarima mai yawa, kuma duk mai magana a lasifika ranar biki ya kamata ya san wuraren. Ya nuna gungun sun kama Hamer sun wulaƙanta shi, alhali bai taɓa haɗuwa da su ba sai ranar da aka kashe su. Iyalinsa sun kai kamfanin Warner, wanda ya fitar da fim ɗin, kotu, aka sasanta a 1971. Yaron da ke tuƙa musu mota a fim mutum biyu aka haɗa aka mayar ɗaya. Bonnie ta ƙone ƙwarai a ƙafa a wani hatsarin mota cikin Yunin 1933, daga nan da kyar take tafiya, wani lokaci sai an ɗauke ta, fim ɗin bai nuna haka ba. Ko kiɗan banjo (wani irin molo ne) da ake bin su da shi in suna gudu, a 1949 aka naɗe shi, shekara goma sha biyar bayan an binne su. A ganina wannan ne ma'aunin biki mai hankali: in mai sanarwa ya ce "ga yadda aka yi a fim, ga kuma abin da ya faru", ya ambaci sunayen waɗanda aka kashe, to an yi tarihi. In kuwa aka bar yara suka koma gida da tunanin wasu jarumai ne masu ƙwatar wa talaka haƙƙi, an yi tallan ƙarya da kuɗin gari.

To me ya sa mutanen wancan lokaci, wasunsu, suka ji daɗin labarin masu fasa banki? Nan ne zamanin karayar ya shigo. Bayan faɗuwar kasuwar hannun jari a Oktoban 1929, bankuna kusan 9,000 suka durƙushe a Amurka zuwa 1933, kuma babu inshorar ajiya: in bankinku ya rufe, kuɗinka ya tafi. Sai a farkon 1934 gwamnati ta fara lamunin ajiya, shi ma har dala 2,500 kawai. A 1933 kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki. Auduga, wadda ita ce abin dogaron manoman arewacin Teksas, ta faɗi daga kusan santi 17 kowace laba a 1929 zuwa kusan santi 6 a 1931. Manomin haya yana ba mai gona kashi ɗaya cikin uku na hatsi da ɗaya cikin huɗu na auduga, ka ga abin da ya rage masa. Mai gonar kansa ya jinginar da ita a banki, in ya kasa biya a yi gwanjonta. A 1933 gwamnati ta biya manoma su tumɓuke audugar da ta riga ta tsiro, wajen eka miliyan goma, don farashi ya tashi. Gidajen gona kuwa, kusan ɗaya cikin goma ne ke da lantarki. Wannan guguwa ba Amurka kaɗai ta daka ba. Ita ce ta karya farashin gyaɗa da auduga a ƙasar Hausa a shekarun nan, ta sa aka sallami leburori daga ma'adinan kuza na Jos, ga haraji yana nan ana nema da tsabar kuɗi.

Yanzu ga yadda ranar take, da inda abubuwa ke lalacewa. Zan fi daɗewa a kan bindiga, don nan ne rai ke iya salwanta.

Kwaikwayon fashin bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba, akan maimaita shi a yini don wanda ya makara ya gani. Ana amfani da harsashi marar dalma, wanda albarushi ne kawai a ciki, ya yi ƙara ya yi hayaƙi. Jama'a na ɗauka wannan ba ya kisa. Yana yi. Iskar da ke fita daga bakin bindiga da ɗan toshin da ke rufe albarushin suna fasa ƙashi in an matso. Haka ɗan wasa Jon-Erik Hexum ya mutu a 1984 da ya ɗora bindiga a kansa da wasa. In kuma wani abu ya maƙale a cikin bututun, albarushin zai tura shi kamar harsashin gaske, abin da ya kashe Brandon Lee ke nan a 1993. Na ukun shi ne mafi sauƙin faruwa a ƙaramin gari: ɗan wasa ya zo da bindigarsa daga gida, ya manta da harsasan gaske a ciki. Ya faru a Tombstone ta jihar Arizona a Oktoban 2015, ana tsakiyar wasan harbe-harbe a titi aka harbi wani ɗan wasa da harsashin gaske.

Saboda haka ƙa'idar ba ta da sassauci. Mutum ɗaya tak ke riƙe da dukkan bindigogi da harsasai, ba ya cikin wasan, ba shi da wani aiki ranar. Kafin kowane zagaye ya buɗe kowace bindiga a gaban mai riƙe ta da shaida na uku, ya zura sanda a bututu ya tabbata babu komai, ya ɗura da hannunsa, ya ƙirga abin da ya ɗura ya rubuta. A laluba aljihun 'yan wasa da ɗamararsu. Wanda ya makara bai samu wannan binciken ba, ba ya shiga, ko shi ne Clyde ɗin. Bayan wasa a karɓe, a ƙirga kwanson da aka harba da wanda ya rage, lissafi ya daidaita kafin kowa ya tafi shan ruwa. A wajen harbi ba a saita mutum, ana kauce masa gefe, mai kallo daga nesa ba zai gane ba. Tsakanin mai harbi da wanda ake "harbi" kada ya gaza mita shida, a shata wuraren tsayuwa da alli a ƙasa tun wajen gwaji. Igiyar da ta tsare 'yan kallo ta kasance a bayan masu harbi ko gefensu, ba inda bakin bindiga ke kallo ba.

Akwai wani abu da ya shafi Teksas musamman. Tun Satumbar 2021 doka ta yarda baligin da ya cancanta ya ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, wato cikin 'yan kallo akwai masu ɗauke da ta gaske. Baƙon da ya shigo dandali daga lungu, bai ji sanarwa ba, ya ga wani ya fito daga banki yana harbi, yana iya mayar da martani. Don haka ake kafa alluna a kowace mashiga, a yi sanarwa minti goma sha biyar kafin a fara, a sake a minti biyar, a sake daf da farawa, a ajiye 'yan sanda masu kaki a kusurwoyi inda kowa zai gan su suna tsaye hankali kwance. A kuma sanar da ofishin amsa kiran gaggawa ainihin lokutan, in ba haka ba maƙwabta za su cika layi da kira. Ƙarar tana cutar da kunne a kusa, 'yan wasa su toshe nasu, a ba iyayen jarirai da masu karnuka da tsofaffin sojoji lokaci su ja baya.

Sai motoci, waɗanda su ne adon bikin. Wadda ta fi yawa ita ce Ford Model A, da aka ƙera daga ƙarshen 1927 zuwa 1931: silinda huɗu, ƙarfin doki 40, giya uku. Clyde kansa ya fi son Ford mai silinda takwas da ta fito a 1932, don ta fi motocin 'yan sandan ƙauye gudu, amma Model A ce motar da talakan lokacin ya sani. Matsalarta a biki sananniya ce. Lagiretonta na cin ruwa kamar lita goma sha ɗaya, ba shi da matsi irin na motar zamani, yana kuma bukatar iska ta ratsa shi. In aka sa ta tafiyar hawainiya a jerin gwano ko aka bar ta tana aiki a tsaye minti ashirin ana jiran mai jawabi ya gama, sai ta tafasa. Maganin shi ne a kashe inji har sai an ba da alamar tashi, a sa tsofaffin motoci a gaban jeri, kada a bayan masu tafiya a ƙasa. Tankin manta yana gaban direba, a bayan inji amma sama da shi, man yana gangarowa kafireto da nauyinsa ba famfo. Akwai ɗan makunni da ake rufewa in an tsaya, wanda ya manta zai tarar da mai yana ɗiga a ƙasa kusa da masu shan taba. Tsatsar tsohon tanki kan toshe hanyar man, shi ya sa mota ke mutuwa daidai lokacin da ya kamata ɓarayi su tsere, jama'a su yi ta dariya. Batirinta bolt shida ne, kuma wayar da aka ɗaure a jikin mota ita ce mai alamar tarawa, akasin motocin yau. Mai taimako da ya jona mata batirin bolt goma sha biyu yadda ya saba zai ƙona ƙwayaye da wayoyi. Birkinta na sanduna ne, ba na mai ba, ba ya kamawa kamar na zamani. Don haka gudun tserewa a wasa kada ya wuce kilomita 15 zuwa 20 a awa, hayaƙi da ihu ne za su sa a ga kamar gudu ake. Rataya a matakin gefen mota, yadda ake yi a fim, shi ne abin da ya fi jefar da 'yan wasa. In dole ne sai an yi, a kafa maƙami mai ƙarfi, mota kuma ta tafi miƙe ba kwana.

Pilot Point gari ne na kafintoci masu haɗa kabad-kabad na kicin, shi ya sa tseren motar katako marar inji ya zauna a bikin daram. Wasan kansa ɗan zamanin karayar ne: a Dayton ta jihar Ohayo ya zama gasa a 1933 da 1934, aka mayar da shi Akron a 1935, asalinsa yara ne da ba su da kuɗin abin wasa suna haɗa mota da akwatin sabulu da tayoyin keken jarirai. Lissafinsa mai sauƙi ne. Motar da ta gangaro daga tudu mai tsayin mita biyu tana iya kai kusan kilomita 22 a awa, daga mita uku kusan 28. Wannan ya isa ya karya hannu. Abin da ke lalacewa kusan kullum guda huɗu ne: noti ya kwance taya ta fice, don ba a sa masa fil ba, tayar keke ta lanƙwashe a kwana, don ba a yi ta don nauyin gefe ba, mazauni ya yi tsayi mota ta kife, ko sitiyari ya yi sako-sako yaro ya murɗa da yawa. A sa katako ya tokare gatarin gaba yadda ba zai juya fiye da kaɗan ba. A gwada birkin kowace mota da direbanta a ciki kafin a ba ta lamba. Hular kwano dole. A jera dammunan ciyawa a gefen hanya, a bar fili a ƙarshe wanda bai gaza tsawon hanyar tseren ba, kuma kada a bar kowa ya tsaya a can, nan ne iyaye ke son tsayawa ɗaukar hoto.

Abinci shi ne hanya mafi sauƙi ta koyar da zamanin. Abin da ya riƙe talakan Teksas a lokacin wake ne da gurasar masara, sai romon da ake rabawa a layi. In za a raba wa mutum 300, kowa kofi ɗaya na mililita 250, ana bukatar lita 75, busasshen wake kamar kilo 15. A jiƙa shi awa takwas zuwa goma sha biyu, a dafa a tukwane huɗu na lita ashirin-ashirin maimakon ƙatuwa ɗaya, don ƙatuwar tana kamawa a ƙasa tun sama bai nuna ba. Haɗarin yana wajen ajiya. Dokar abinci a can ta ce mai zafi ya zauna a digiri 57 ko sama, mai sanyi a 5 ko ƙasa. In an dafa tun jiya, dole a sauke zafinsa zuwa digiri 21 cikin awa biyu, sannan zuwa 5 cikin wasu awa huɗu, wanda ba ya yiwuwa sai an juye shi a faranti masu faɗi marasa zurfi. Tukunyar da aka rufe aka bari ta huce da kanta cikin dare ita ce ke kwantar da rabin gari da gudawa. Kowace rumfar abinci sai ta sami izinin wucin gadi daga jami'an lafiya, da wurin wanke hannu da ma'aunin zafi. Musulmin da ya je kallo ya tambaya kafin ya ci, domin a al'adar kudancin Amurka da naman alade ko kitsensa ake dafa waken nan, har kayan fulawa da ake gasawa wani lokaci da kitsen ake murza su.

Tufafi da kiɗa ba su da wahala, sai dai yawancin mahalarta kwalliyar fim suke yi, hula a karkace da kwat mai layi-layi, wadda ta fi kusa da yayin 1967. Matar manomi a 1933 rigar buhun fulawa ko na abincin kaji take ɗinkawa, har kamfanoni suka koma buga furanni a buhunan don a saya. Kiɗan yankin na ainihi shi ne wanda su Bob Wills da Milton Brown suka fara a gidajen rediyon Fort Worth a farkon shekarun 1930, kuma kamfanin fulawa ne ya ɗauki nauyinsu.

Haska fim ɗin a dandali da dare, irin majigin da, yana da nasa tarko. Faifan da ka saya a kanti na kallon gida ne; nuna shi ga taro, ko kyauta ne, sai da lasisi. Finafinan Warner ta hannun kamfanin Swank ake karɓa, kuɗin ya danganta da fim da yawan jama'a, a nema tun da makonni. Tarar keta haƙƙin mallaka a dokar Amurka tana farawa daga dala 750 zuwa 30,000 kan aiki ɗaya, ta kai 150,000 in da gangan ne. Kada a ce ai tsohon fim ne: kariyar shekara 95 ce, na 1967 yana da sauran tafiya mai nisa. Na biyu, fim ɗin na manya ne, ƙarshensa jini ne tsagwaro, minti 111 ne kuma. Biki na iyali ya sanar da haka a fili, ko ya raba wurin da filin wasan yara. A tsakiyar Oktoba rana na faɗuwa wajen ƙarfe bakwai a yankin, hoto ba ya fitowa sosai sai bayan rabin awa. A roƙi hukuma ta kashe fitilun titin da ke haska allon, a ajiye janareta nesa don ƙara, allon da ake hurawa da iska kuma a ɗaure shi ta kusurwa huɗu, a sauke shi in iska ta taso, don yakan zama kamar filafilan jirgin ruwa. Kiɗan da makaɗa za su yi shi ma yana da lasisinsa daban.

Ɓangaren takardu ba shi da daɗin ji, amma shi ke fara cin lokaci, wata shida ko fiye kafin ranar. Rufe titin gari na majalisar gari ne, in kuwa titin na jiha ne sai hukumar sufurin Teksas ta sa hannu. Inshorar da aka saba nema dala miliyan ɗaya ce, kuma a karanta ta da kyau, domin da yawa suna cire harbin wasa da tsere daga abin da suka lamunta. Ƙungiyar 'yan wasan ta zo da tata. A bar hanya mai faɗin mita shida a buɗe don motar kwana-kwana da ta asibiti, masu rumfuna kullum suna neman cinye ta. Kuɗi na fitowa daga hayar rumfuna, da gudummawar 'yan kasuwa, da harajin kwanan otal da dokar jihar ta yarda a kashe wajen jawo baƙi. Zaɓen rana ma sai an yi dabara: Oktoba na cikin watannin da aka fi ruwa a yankin Dalas, babbar kasuwar baje kolin jihar tana ci a lokacin, daren Juma'a kuma na ƙwallon makarantun sakandare ne, ba mai zuwa kafa rumfa.

Abin da na fi ganin ana sakaci da shi a irin waɗannan bukukuwa shi ne tattara tarihin kansa, alhali shi ne ke ƙarewa. Yaron da ya tsaya kallon 'yan fim a 1966 yana ɗan shekara goma, yau yana wajen saba'in. Wanda ya tuna 1934 da idonsa ya haura casa'in. A ware ɗaki mai shiru nesa da dandali, da makirufo mai kyau, minti talatin zuwa arba'in ga kowane dattijo, da takardar amincewa da zai sa wa hannu. Tambaya ta zama takamaimai: me kuka ci da safe, nawa aka biya ku tsintar auduga, wa ya rasa gona, a ina aka ajiye motocin 'yan fim. Tambayar "yaya rayuwa take a da" ba ta haifar da komai sai "da wahala". Hotunan da iyalai suka kawo a ɗauki kwafinsu nan take da ingancin ɗigo 600 a inci, gaba da baya don rubutun da ke bayan, a mayar wa mai shi kafin ya tashi. Hoton da aka ce a bari "za a dawo da shi" shi ne ke ɓata. A gwada abin da aka ji da tsofaffin jaridu, waɗanda Jami'ar Arewacin Teksas da ke Denton ta zuba da yawansu a intanet kyauta. Hotunan da gwamnati ta sa su Dorothea Lange da Russell Lee suka ɗauka a Teksas a shekarun 1930 suna ɗakin karatun majalisar dokokin ƙasar, ana iya buga mafi yawansu a manna ba tare da biya ba. Kuma a je unguwanni da coci-cocin baƙaƙen fata da na 'yan asalin Meziko a gayyato dattawansu da baki, domin zamanin wariya ne, su suka fi tsintar audugar, su aka fara kora daga gonaki da aka rage noma, kuma jaridun lokacin ba su cika rubuta sunayensu ba.